Masu zane da marubuta baƙar fata na kudancin Shikago: tambayoyi da amsoshi

In dai aka ɗauko maganar gwagwarmayar baƙar fata a Amurka to sunaye biyu ko uku ne mutanenmu suka fi sani, Martin Luther King, Malcolm X, sai Muhammad Ali. Amma akwai wasu mutane da ba a cika ambatonsu ba, masu zane da marubuta waƙa da malaman makaranta, waɗanda su nasu aikin shi ne su kafa gidan tarihi ko maɗaba'a ko wajen koyar da yara zane a cikin unguwarsu. Birnin Shikago ne na fi son bada misali da shi, musamman ɓangaren kudu. Ga tambayoyin da aka fi yi akan su.

Me yasa Shikago, ba New York ba?

New York tana da nata tarihin, unguwar Harlem ba ƙaramar unguwa bace. Sai dai labarin Shikago ya fi nuna yadda talakawa da kansu suke gina abu. A 1910 baƙar fatar da ke birnin wajen dubu 44 ne, amma zuwa 1970 sun haura miliyan ɗaya. Daga jihohin kudu suka taso, Mississippi, Louisiana, Alabama, suna gudun gonakin auduga da dokokin wariya da kisan gilla, suka zo neman aiki a mayanka da masana'antun ƙarfe. Jaridar Chicago Defender da Robert Abbott ya kafa a 1905 ita ce take ta kiransu su taho, ma'aikatan jirgin ƙasa ne suke ɓoye ta suna kaiwa kudu.

Da suka iso sai suka tarar an shata musu iyaka. Masu gidaje farar fata sun sa hannu a takardun yarjejeniya cewa ba za su sayar ko su bada haya ga baƙar fata ba, sai a 1948 kotun ƙoli ta ce kotuna su daina tilasta irin wannan takarda. To sai aka cusa kowa a wani ɗan tsiri na birnin da ake ce ma Bronzeville, likita da lebura da mai kiɗa da lauya duk layi ɗaya, haya da tsada ɗakuna a matse. Wannan matsin zalunci ne ba wata tantama, amma a cikinsa ne mai zane ya zama maƙwabcin wanda yake zanawa, kullum suna haɗuwa a shago da coci da wajen aski.

Wace ce Margaret Burroughs da ake yawan kiran sunanta?

Malamar makaranta ce kuma mai zane, an haife ta a Louisiana iyayenta suka kawo ta Shikago tana ƙarama. Ni a wajena in za a kira mutum ɗaya a wannan labarin to ita ce.

Wajen ƙarshen shekarun 1930 gwamnatin Roosevelt tana da wani shiri na samar wa mutane aiki saboda karayar tattalin arziki, har da masu zane a ciki. Gwamnati ta ce za ta biya albashin malamai in aka buɗe cibiyar koyar da zane, amma ginin da kayan aiki mutanen unguwa ne za su nemo. Margaret lokacin budurwa ce 'yar shekara ashirin da 'yan kai, ita da abokanta suka tsaya bakin titi suna karɓar sulalla 'yan senti goma goma daga masu wucewa, aka haɗa da bukukuwan tara kuɗi da gudummawar 'yan kasuwa, har aka sayi wani tsohon gida a titin Michigan. Nan ne South Side Community Art Center, an buɗe a 1940, matar shugaban ƙasa Eleanor Roosevelt ta zo da kanta bikin ƙaddamarwa a 1941.

Bata tsaya nan ba. A 1961 ita da mijinta Charles suka kwashe kayan falonsu suka maida ƙasan gidansu gidan tarihin baƙar fata, saboda ta ga ɗalibanta suna karanta littafin tarihi daga farko har ƙarshe babu wanda yayi kama da su sai a babin bauta. Daga baya aka sa masa sunan DuSable, wato Jean Baptiste Point du Sable, baƙin ɗan kasuwan da ake ɗauka shi ne baƙo na farko da ya kafa zama a wajen da ya zama Shikago. A farkon shekarun 1970 gidan tarihin ya koma Washington Park inda yake har gobe. Ta yi sama da shekara 20 tana koyarwa a sakandare, kuma har ta tsufa tana shiga gidajen yari tana koya wa fursunoni zane da rubutu. Ta rasu a 2010.

Cibiyar nan ta ɗore kuwa bayan gwamnati ta janye hannu?

Ta ɗore, kuma wannan shi ne abun da na fi so mutane su lura da shi. Cibiyoyi sama da 100 shirin gwamnatin ya buɗe a faɗin Amurka, da aka shiga yaƙin duniya na biyu kuɗin ya tsaya sai suka dinga rufewa ɗaya bayan ɗaya. Ta Bronzeville bata rufe ba, tana nan a ginin da aka fara, dalili kuwa ginin nasu ne, da kuɗinsu suka saya, ba mai zuwa ya ce ku tashi. An sha wuya sosai, akwai shekarun da kuɗin wuta da na ɗumama ɗaki ma gagara suke, matan unguwa ne suka riƙe wajen da kwamitoci da gwanjon zane.

Kuma duba waɗanda suka bi ta wajen. Masu zane irin Charles White, Eldzier Cortor, Elizabeth Catlett. Gordon Parks a ɗakin ƙarƙashin ginin yake wanke hotunansa kafin ya zama baƙar fata na farko da mujallar Life ta ɗauka aikin ɗaukar hoto. Gwendolyn Brooks a nan ta zauna ajin koyon rubuta waƙa a 1941, shekara tara bayan nan ta zama baƙar fata ta farko da ta ci Pulitzer, babbar kyautar marubuta ta Amurka, a 1950.

Mene ne labarin bangon nan da ake ta magana?

Wall of Respect kenan, bangon girmamawa. A 1967 wasu marubuta da masu zane suka kafa ƙungiyar raya al'adun baƙar fatan Amurka mai suna OBAC, cikin jagororin akwai Hoyt Fuller editan mujalla. Ɓangaren masu zanen suka ce tunda manyan gidajen baje kolin cikin gari basa rataye aikinmu, kuma mutanenmu ma basa zuwa can, to mu kai zanen inda mutane suke. William Walker ne ya san wani tsohon bene a mahaɗar titi na 43 da Langley, unguwar talakawa sosai. Basu nemi izinin mai ginin ba, shi dama ba a unguwar yake zaune ba haya kawai yake karɓa, da mazauna wajen da masu shaguna suka yi magana. Sylvia Abernathy ta tsara yadda za a raba bangon kashi kashi, masu kiɗa, 'yan wasanni, marubuta, malaman addini, 'yan siyasa. Kowa ya sayo fentinsa da kuɗinsa. Suka hau tsani suna zane mutane na tsaye suna kallo suna bada shawara suna gardama, wani ya kawo abinci wani ya kunna kiɗa, 'yan daban unguwar ma suka ce ba mai taɓa bangon kuma haka akayi.

Fuskoki sama da 50 aka sa, akwai Malcolm X, Muhammad Ali, W.E.B. Du Bois, Marcus Garvey, Nina Simone, John Coltrane. Masu zanen basu sa hannu da sunayensu ba saboda sun ce na unguwa ne. An ƙaddamar a watan Agusta 1967, Gwendolyn Brooks ta karanta waƙa a wajen, daga nan ya zama dandali, taron siyasa da karatun waƙa da kiɗa duk a gabansa. Da mujallar Ebony ta buga hotunansa sai abun ya bazu, Detroit suka yi nasu a 1968, sauran birane suka bi, har unguwannin 'yan Meziko da 'yan Puerto Rico suka kama zanen bango.

Wai da gaske ba a sa Martin Luther King a bangon ba?

Da gaske ne. An tattauna, aka zaɓi Stokely Carmichael, matashin ɗan gwagwarmaya mai zafin ra'ayi, da irinsu. Sai ka san yanayin lokacin kafin ka yanke hukunci: King ya zo Shikago a 1966 yana fafutukar a bar baƙar fata su zauna a duk unguwar da suke so, a Marquette Park aka jefe shi da dutse a ka, aka ƙare da wata yarjejeniya da magajin gari Richard Daley wadda matasa da yawa suka ga bata canja komai ba. Ransu a ɓace yake. Ni dai ina ganin rashin sa shi kuskure ne, mutumin da bai kai shekara ba bayan nan aka harbe shi a Memphis, amma na fahimci inda zafin ya fito.

Ina bangon yake yanzu?

Babu shi. Tun farko ma rigima ta shiga tsakanin masu zanen, aka shafe ɓangaren Norman Parish aka zana wani abu a kai da amincewar Walker ba tare da an zauna da sauran ba, wannan ya raba kan ƙungiyar. Ga kuma 'yan sandan ciki da hukumar FBI da suke bibiyar duk wata ƙungiyar baƙar fata a lokacin, a Shikagon nan ne fa 'yan sanda suka kashe Fred Hampton yana kan gadonsa a Disamba 1969 yana ɗan shekara 21. Hukumar birni kuma dama ta sa unguwar a jerin wuraren da za a rushe. A 1971 gobara ta ci ginin, aka ƙarasa shi da katafila.

Shekara huɗu kacal yayi. Cibiyar Margaret Burroughs da bata yi rabin sunansa ba ta haura shekara 80. Bangon ya fi tasiri a idon duniya, wannan ba musu, amma akan ginin wani aka yi shi, kamar wanda ya dasa mangwaro a gonar aro ne.

Me masu zanen suka yi bayan ƙungiyar ta watse?

Biyar daga cikin mutanen wannan da'irar, Jeff Donaldson, Wadsworth Jarrell, matarsa Jae Jarrell, Barbara Jones-Hogu da Gerald Williams, suka kafa wata ƙungiyar masu zane mai suna AfriCOBRA a 1968. Suna da ƙa'idoji da suka yarda a kai. Launi mai haske sosai, ja da ruwan lemo da kore da shuɗi masu ɗaukar ido. Rubutu a cikin zanen yadda saƙon ba zai ɓoyu ba. A nuna baƙar fata da mutunci da ƙarfi, uba da uwa da yara, tunda jaridu kullum a matsayin matsala suke nuna su. Sannan, kuma wannan ne ya fi burge ni, a dinga buga zanen a takarda kwafi da yawa ana sayarwa dala 10, yadda direban bas ko mai aikin asibiti zai iya saya ya rataye a falonsa. Barbara Jones-Hogu ce gwanar wannan bugun. Jae Jarrell ita telar zamani ce, a jikin kaya take nata aikin.

Yau waɗannan takardun 'yan dala goma manyan gidajen tarihi ne suke neman su ruwa a jallo, irin gidajen da a da ko kallonsu basa yi.

Marubutan fa?

Su ma hanya ɗaya suka bi. A 1967 wani matashi Don L. Lee, wanda daga baya ya koma Haki Madhubuti, shi da Carolyn Rodgers da Johari Amini suka fara Third World Press a ɗakinsa na ƙarƙashin ƙasa da dala 400 da tsohon injin gurza takarda. A titi da wajen aski da wajen taro ake tallan littattafan. Maɗaba'ar tana nan har yanzu, tana cikin mafiya daɗewa da baƙar fata suka mallaka a Amurka.

Abun da Gwendolyn Brooks ta yi kuwa ba kowa zai iya ba. Tana da babban kamfanin ɗab'i a New York, tana da suna, amma bayan ta haɗu da matasan nan a wani taron marubuta a jami'ar Fisk a 1967 sai ta bar kamfanin ta koma bada littattafanta ga ƙananan maɗaba'un baƙar fata, Broadside Press ta Dudley Randall a Detroit, daga baya Third World Press. Kuɗin shigarta ya ragu mana, amma sunanta ya jawo musu masu saye. Ta koyar da samarin ƙungiyar daba ta Blackstone Rangers rubuta waƙa, kuma shekara da shekaru daga aljihunta take bada kyautar gasar waƙa ta yaran makaranta.

Naga sunaye irin Haki da Johari Amini. Musulmi ne?

Wasu e, wasu a'a. A shekarun 1960 da 1970 mutane da yawa sun ajiye sunayen da suka gada daga iyayen gijin kakanninsu suka ɗauki na Larabci ko Swahili ko Yarbanci, kuma ba duk wanda yayi haka ne ya musulunta ba. Amma tasirin Musulunci a harkar ba ɓoyayye bane. Hedikwatar Nation of Islam, ƙungiyar addini ta baƙar fatan Amurka, a Shikago take, Muhammad Ali ya zauna a kudancin birnin, bayan rasuwar shugaban ƙungiyar Elijah Muhammad a 1975 ɗansa Warith Deen Mohammed ya ja mafi yawan mabiyan zuwa Musuluncin da sauran duniya ta sani. Kisan Malcolm X kuma a Fabrairu 1965, bayan ya dawo daga Hajji, shi ne ya zaburar da marubucin waƙa Amiri Baraka ya koma Harlem ya buɗe makarantar wasan kwaikwayo, wanda daga nan ake lissafin farkon wannan yunƙuri na masu zane da marubuta baƙar fata gaba ɗaya.

Akwai wata alaƙa da Najeriya?

Akwai, babba ma. FESTAC 77, bikin al'adun baƙar fata na duniya karo na biyu, na farkon a Dakar akayi a 1966 zamanin shugaban Senegal Senghor. An yi namu daga 15 ga Janairu zuwa 12 ga Fabrairu 1977 lokacin Obasanjo yana shugaban mulkin soja, mahalarta wajen dubu 16 daga ƙasashe 56. Wanda ya jagoranci tawagar Amurka ta Arewa shi ne Jeff Donaldson ɗin nan na bangon Shikago, lokacin yana shugabantar sashen zane a jami'ar Howard. Shekaru ya kwashe yana fama da neman kuɗin jirgi da tantance waɗanda za su zo, daga ƙarshe mutum sama da 400 suka sauka Legas, ga Stevie Wonder, ga Sun Ra da makaɗansa wanda shi ma a Shikago ya haɗa ƙungiyarsa. Da yawansu wannan ne karon farko da ƙafarsu ta taka Afirka.

Ba a Legas kaɗai akayi ba, an kawo hawan daba Kaduna, masarautun arewa suka fito da dubban dawakai da raƙuma da 'yan lifida da masu kakaki da algaita. Saboda baƙin wannan biki aka gina otal ɗin Durbar, wanda aka rushe a 2020. Iyayenmu da suka ga hawan har yau suna bada labarinsa.

Yanzu fa, akwai masu irin wannan aikin?

Wanda ya fi suna shi ne Theaster Gates, haifaffen Shikago a 1973, maginin tukwane ne asali kuma ya karanci tsara birane, babansa mai aikin rufin gini da kwalta ne. Ya fara da sayen gidajen da aka watsar a titin Dorchester yana gyarawa yana maida su ɗakin karatu da wajen sauraron faya-fayai. Sai ya ga wani tsohon banki da aka gina a 1923 a titin Stony Island, rufin ya zube ruwa ya cika ƙasan ana shirin rushewa, hukumar birni ta sayar masa dala 1 da sharaɗin ya nemo kuɗin gyara. Ya yanko marmarar cikin ginin gunduwa gunduwa ya sa hannu ya kai kasuwar zane ta Basel a Suwizalan ya sayar dala 5,000 kowanne. An buɗe a 2015. A ciki akwai littattafan kamfanin Johnson masu mujallar Ebony da Jet, da faya-fayan shahararren DJ Frankie Knuckles, an kuma kawo rumfar da ɗan sanda ya harbe yaro Tamir Rice ɗan shekara 12 a Cleveland a 2014, da amincewar mahaifiyarsa.

Ana sukar sa, kuma sukar tana da tushe. Idan unguwa ta yi kyau masu kuɗi sun fara shigowa haya tana tashi, talakan da aka ce dominsa akayi gyaran shi ne yake fara tattara kayansa. Irin wannan tsoron ne yasa mazauna unguwar Woodlawn suka yi ta fafutuka akan cibiyar Obama ta Jackson Park har majalisar birni ta yi dokar kare gidajen masu ƙaramin ƙarfi a 2020. Duk da haka ni ina ganin gini a tsaye da littattafai a ciki ya fi fili da ciyawa, abun tambaya dai shi ne wa ke da ta cewa akan ginin nan da shekara 30.

Tunda zanen baƙar fata yana tsada yanzu, ai matsala ta ƙare ko?

Ina fa. Ɗauki Kerry James Marshall da ke zaune a Bronzeville. Wata hukumar gwamnati a Shikago ta sayi zanensa dala dubu 25 a 1997, a 2018 ta kai shi gwanjo aka saya dala miliyan 21.1, shi mai zanen ba a aljihunsa kuɗin ya shiga ba, kuma zanen ya bar wajen da jama'a ke gani ya koma hannun mutum ɗaya. Haka hotunan Ebony da Jet sama da miliyan 4, ciki har da na gawar Emmett Till, yaron da farar fata suka kashe a Mississippi, da mahaifiyarsa ta ce a buga a 1955 duniya ta gani, da kamfanin ya karye a 2019 saura ƙiris su watse a kasuwa, sai da gidauniyoyi huɗu suka haɗa dala miliyan 30 suka saya don a ajiye wa jama'a.

A 2018 ɗin dai hukumar birnin ta so ta sayar da wani zanen Marshall, wanda yayi wa ɗakin karatu na Legler a yammacin birnin a 1995 akan dala dubu 10, zanen yara suna karatu. An ƙiyasta zai kawo dala miliyan 10 zuwa 15, aka ce da kuɗin za a gyara ɗakin karatun. Marshall ya fito ya nuna ɓacin ransa, masu zane da mutanen gari suka yi ca, cewa unguwar talakawa ce kaɗai ake ce ma sai ta sayar da abun da take da shi kafin a yi mata gyara. Magajin gari Rahm Emanuel ya janye maganar a watan Nuwamba, aka nemo kuɗin gyaran ta wata hanya, zanen ya koma Legler.